Samaniyar Falaki

Ni aikina jan labule ne a gidan wasan kwaikwayo. Na fara ja tun ina iya ɗaukar buhu a ka, ga shi yau sai na jingina da bango kafin igiya ta saurare ni. Mai jan labule ba ya magana, amma yana gani, domin a gefen dandamali yake tsayawa, inda 'yan kallo ba sa hango shi, 'yan wasa kuma sun manta da shi. Daga nan na san mutumin da muke kira Falaki. Labarinsa nake so in ajiye a takarda tun hannuna yana iya riƙe biro.

Kafin ya zo wurinmu, mai zanen allunan shaguna ne. Shi ke zana kan mutum a ƙofar mai aski, da takalmi a ƙofar mai gyaran takalma. An ce ya bar sana'ar ne bayan wani mai sayar da kifi ya yi ƙorafi cewa kifin da ya zana masa yana harar masu saye. Dogo ne siriri, gemunsa ba ya rabuwa da fenti. In yana tafiya kansa a sama yake, shi ya sa babban yatsan ƙafarsa bai taɓa warkewa ba.

Taurari kuwa daga wuri biyu ya same su. Kakarsa ta nuna masa Kaza da 'Ya'yanta yana ƙarami. Sauran daga wani tsohon farantin uwarsa ya koya, wanda aka zana burujai goma sha biyu a bakinsa, a zagaye. Burujai su ne gidajen taurarin nan da ake cewa rana tana sauka a cikinsu wata bayan wata: Rago, Sa, Tagwaye, Ƙaguwa, Zaki, Budurwa, Sikeli, Kunama, Maharbi, Bunsuru, Guga da Kifi. A wannan faranti ya ci abinci har ya yi gemu. Amma bai taɓa yarda cewa taurari suna faɗin abin da zai sami mutum ba.

"Taurari suna da aikin yi," in ji shi. "Ina suka ga lokacin sa ido a kan aurenka?"

Abin da ya dame shi ɗaya ne: kowane tauraro ya kasance inda ya kamata, a lokacin da ya kamata.

A lokacin muna da Tsohon Darakta, mutumin kirki mai saurin fushi. Babbar matsalarsa a duniya ita ce hagu da dama. Shi yana zaune a ƙasa yana fuskantar 'yan wasa, su suna sama suna fuskantarsa. In ya ce a matsa hagu, sai rabinsu su yi nan, rabi su yi can.

"Na ce hagu!"

"Ranka ya daɗe, hagunka ko hagunmu?"

"Hagun ubanku!"

Haka ake yi kullum, har a tashi ba a gama fitowa ɗaya ba.

Wata rana ya shirya wasa a kan wani alƙali da ɓarawon da ya yi rantsuwa a filin Allah. Ya kira Falaki ya ce ya ɗiga masa 'yan taurari a baƙin ƙyalle, a rataya a baya. Falaki ya ce to. Aka daina ganinsa. Da ya dawo, da mai walda ya dawo, da amalanke cike da bututun ƙarfe.

Abin da suka haɗa zobe ne, ƙaton zobe mai faɗin dandamalin kansa, har bakinsa na gaba ya leƙa kan layin farko na kujerun 'yan kallo. Suka rataye shi a kwance daga rufi da sarƙoƙi, a kan tsofaffin ƙafafun keke, yadda in ka tura shi da dogon gora zai juya. A jikinsa Falaki ya rataya alluna goma sha biyu da ya yanka daga katako, kowanne da surar burujinsa, ya huda su ya cusa ƙananan ƙwayayen lantarki.

Tsohon Darakta ya shigo, ya ɗaga kai, hularsa ta faɗi.

"Falaki, 'yan taurari na ce. A ƙyalle."

"Ranka ya daɗe, na gwada. Da na sa ɗaya sai na ga na bar ɗan'uwansa."

Gaskiya zanen ba duka ya fita ba. Falaki bai taɓa ganin ƙaguwa ba, ta jikin farantin kuma cokali ya kankare ta. Sai ya yanka kunama biyu ya cire wa ɗaya wutsiya. Zakinsa kyanwar gidansu ce da aka ƙara wa gashi. Tagwaye kuwa 'ya'yan maƙwabcinsa ne, wa da ƙane, shi ya sa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da matarsa ta kawo masa abinci, ta tsaya ƙarƙashin Budurwa ta daɗe tana kallo.

"Malam, wace ce wannan?"

"Ke ce, lokacin da na fara ganinki."

"To hancin ƙanwata me yake yi a fuskata?"

Washegari ya hau tsani ya rage hancin.

Tsohon Darakta ya yi niyyar sa a sauke zoben. Amma a gwajin ranar, da aka fara rigimar hagu da dama, sai ya daka tsawa ya ce, "Kai Alƙali, je ka tsaya ƙarƙashin Sikeli!" Alƙali, wato ɗan wasanmu da ke fitowa a alƙali har sunan ya bi shi kasuwa, ya ɗaga kai ya tafi kai tsaye, ba tambaya. Tsohon Darakta ya sake gwadawa: "Marigayi, ka mutu a Kunama." Marigayi shi ne wanda ke mutuwa a kowane wasa, ya fi kowa iya faɗuwa. Ya je Kunama ya faɗi. Ranar na ga Tsohon Darakta yana share ido da hularsa.

Daga nan hagu da dama suka bar gidanmu. Ana shiga ta Kifi, a fita ta Budurwa, a yi kuka a Guga, a ɓuya a Bunsuru. 'Yan wasa suka daina kallon ƙasa. Kowa ya haddace maganarsa tare da dabbar da ke kansa.

Ranar ɗaya ga sabon wata na zo da safe don in sa wa igiyar labule mai. Na tarar da Falaki a tsakiyar dandamali da goransa, yana tura zoben a hankali. Ƙafafun keken suna kuka, Rago ya matsa, Sa ya bi shi, kowa ya koma wurin maƙwabcinsa.

Na ce, "Falaki, me kake yi?"

Ya ce, "Wata ya ƙare."

Na ce, "To, an gaya wa Darakta?"

Ya dube ni da mamaki. "Samaniyar can sama wa take gaya wa?"

Ni ba mai yawan magana ba ne. Na sa maina na koma gefe.

Da yamma aka cika gida, na ja labule. Abin da ya kamata a sani shi ne, kafintanmu ba ruwansa da taurari. Shi alli yake bi. Inda ya zana alli a ƙasa, nan yake ajiye kujerar shari'a, da ƙofa, da 'yar katifar da ake ɓoyewa bayan ciyawa don Marigayi. Kaya suna bin alli, mutane suna bin sama, sama kuma ta matsa.

Alƙali ya fito da rawaninsa, ya tafi ƙarƙashin Sikeli, ya tattara riga, ya zauna. Babu kujera. Tana can gefe, taku kaɗan. Amma Alƙali tsohon ɗan wasa ne, bai yarda ya faɗi ba, bai kuma yarda ya bar Sikeli ba. Sai ya tsaya a rabin zama, gwiwa a lanƙwashe, ya yi shari'ar gaba ɗaya a kan iska. Cinyoyinsa suna rawa, gumi yana zuba. Ban taɓa ganin an yanke wa ɓarawo hukunci da sauri kamar ranar ba. Marigayi kuma ya je Kunama ya saki jiki kamar yadda ya saba, ya sauka a kan tsuran katako. Bayan ya mutu aka ji ya ce, "Wayyo bayana."

Mutane suka yi dariya har wasu suka sauka daga kujera.

Tsohon Darakta ya zagi kowa, ya ce daga gobe an koma hagu da dama. Aka koma. Ba a yi rabin sa'a ba wani ya ce, "Ranka ya daɗe, hagunka ko hagunmu?" Ya jefar da sandarsa ya fita. Ya ce wa kafinta ya riƙa bin taurari shi ma, kafinta ya ce shi wuyansa ba ya ɗaguwa, kuma alli bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ce wa Falaki ya bar juya zoben, Falaki ya ce to, in aka tsayar da wata shi ma zai tsaya. A ƙarshe abin da ya kashe maganar shi ne 'yan kallo. Wanda ya ga wasa a watan jiya sai ya dawo a wannan watan, domin ba wasa ɗaya ba ne. Wani watan ɓarawo ya ɓuya a fili, kowa yana ganinsa, masu nemansa suna wucewa ta gabansa. Wani watan Kifi yana jikin bango, mai shigowa sai ta taga. A wurin sayar da tikiti ba a tambayar sunan wasa, sai dai, "Kunama tana ina yanzu?"

Suna tambaya ne saboda sau ɗaya a shekara Kunama takan iso bakin gaba, kan layin farko. A watan nan Marigayi a cinyar 'yan kallo yake mutuwa. Wasu suna gudun layin, wasu suna zuwa da matashi. Wata shekara ya faɗa cinyar wata mai sayar da atamfa, ta riƙe shi ta ƙi saki har aka rufe labule. Ita ce uwar 'ya'yansa yanzu.

Haka muka yi shekaru. Falaki ya zana mana daji da kasuwa da kurkuku, duk masu kyau, amma ransa yana sama. Kowace safiya sai ya hau tsani ya goge alluna, ya canja ƙwan da ya mutu. In tauraro ɗaya ya ɗauke ana cikin wasa, ba ya iya cin abinci.

Da Allah ya yi wa Tsohon Darakta rasuwa, 'yar ƙanwarsa ta karɓi gidan. Muna kiranta Anti. Ta yi karatun wasan kwaikwayo, ta san aikinta, kuma tana da ladabi. Kawu take ce wa Falaki, ni kuma Baba. Ta zauna ta kalli abinmu wata da watanni ba ta ce uffan ba, wani lokacin har da dariyarta. Sai watan da Sikeli ya iso kan matakalar gefe. Alƙali ya riga ya tsufa, gwiwa ta daina ɗaukar zaman iska. Ya tattara riga ya zauna, ya gangara matakala har ƙasa, ƙugu ya goce. Aka ɗauke shi a kan ƙofar da kafinta ya ajiye a kan alli.

Washegari Anti ta tara mu.

"Kawu, zoben nan na san ranka ne. Amma jiya saura kaɗan mu yi asarar mutum. Abu biyu ne: ko a kafe shi wuri ɗaya, ko kafin mu buɗe sabon wasa in kira mai walda ya yanka shi a sauke."

"Anti, a kafe sama?"

"A kafe ƙarfe, Kawu."

"In na kafe ta, wata ɗaya za ta yi gaskiya, sauran sha ɗaya ƙarya take yi. A kan mutane. Da sunana."

"To sai a sauke."

Falaki ya fita ba sallama. Ya daina hawa tsani. Yakan zo ya zauna a ƙarƙashin zoben ya yi tagumi. Matarsa ta same ni ta ce, "Baban labule, ka yi wa abokinka magana. Ya daina cin abinci, sai dai ya riƙa juya kwano yana kallo." Na je na zauna kusa da shi. Muka yi tagumin tare.

Ana gab da buɗe wasan, Anti ta sake samunsa, suka yi ta ja. Yana cewa sama tafiya take, ba a ɗaure ta. Har haƙurinta ya ƙare.

"Haba Kawu! Ai saman ma ba ita ke juyawa ba. Ƙasa ce ke juyawa, da mu da ke kanta. Taurarin suna nan inda suke."

Falaki ya saki goran da ke hannunsa.

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani. Har 'yan firamare."

Ya juyo gare ni. "Kai ma ka sani?"

Na ce, "Na taɓa ji a rediyo. Amma ni dai ban taɓa jin jiri ba."

"Ka ji, kuma ka bar ni ina tura ta shekara da shekaru?"

Na ce, "Ba ka tambaye ni ba."

Bai yarda nan take ba. Ya tafi wurin wani malamin makaranta da ke layinsu. Da ya dawo na ce yaya? Ya ce, "Gaskiyarta. Ya nuna mini da lemo da fitila. Fitila tana zaune, lemo yana zagaye. Da ya gama ya ɓare duniyar ya ba ni rabi."

Da kansa ya kira mai walda. Ya juya zoben ya mayar da shi yadda yake ranar farko, Sikeli a kan kujera, Kunama a kan katifa, ya ce a liƙe. Yana tsaye har wutar ta huce. Ya ce wa zoben, "Ki yafe ni, na wahalar da ke." Anti ta riƙe hannunsa ta yi godiya. Sabon wasa ya buɗe lafiya, kowa ya zauna a kan abin zama, Marigayi ya mutu cikin kwanciyar hankali. Muka ce magana ta ƙare.

Ranar ɗaya ga wata na zo da safe, na ji ƙarar jan kujeru. Kujerun 'yan kallonmu na roba ne, ba a kafe suke ba. Falaki yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana karkata fuskar kowace kaɗan.

Na ce, "Falaki, me kake yi?"

Ya ce, "Mu ne ke juyawa."

Watan farko ba wanda ya kula, sai dai an ɗan kalli wasa a kaikaice. Wata na biyu mutane suka fita suna murza wuya. Anti ta sa a gyara kujerun, Falaki ya riƙa riga kowa zuwa yana mayar da su. Mutanenmu kuma akwai kunya: yadda suka tarar da kujera haka suke zama, kowa yana tsammanin sabon tsari ne na masu ilmi. A wata na uku gidan gaba ɗaya yana fuskantar bangon gefe, inda ƙofar bayi take. 'Yan wasa suna can suna kashe kansu, ba mai ganinsu. Wani bawan Allah ya fito daga bayi yana gyara wando, ya ga gida cike ana kallonsa. Bai san abin da zai yi ba, sai ya rusuna. Aka tafa masa.

Anti ta zo har gidan Falaki, ta ce in raka ta. Muka same shi a tsakar gida, matarsa tana wanki.

"Kawu, na tuba. A kira mai walda ya ɓalle liƙin. Ka juya samanka yadda kake so. Zan sa kafinta ya bi ka, zan sa katifa a matakala. Ka bar mini kujeru kawai."

"A'a, Anti. Da ban sani ba. Yanzu kin sanar da ni. In sake tura sama ina sane tana zaune? Me zan ce ranar da aka tambaye ni?"

"Wa zai tambaye ka, Kawu?"

"Ba a rasa ba."

Anti ta dafe kai. Ta ce cikin sanyin murya, ba da faɗa ba, "To wallahi ba ni da yadda zan yi. In zoben nan yana sama, ba za ka bar kujeru ba. Jibi za a sauke shi."

Falaki ya sunkuyar da kai. Can matarsa ta matse riga, ta yarfe hannu, ta ce ba tare da ta juyo ba:

"Malam, wai duniyar nan da ke juyawa, guda nawa ce?"

"Ɗaya ce mana."

"To kai kujera ɗari nawa kake juyawa? Ka ɗauki ɗaya ka zama duniyar, ka ƙyale bayin Allah su ga abin da suka zo gani."

Falaki ya ɗaga kai a hankali. Ya dubi matarsa, ya dubi Anti. Ya yi lissafi da yatsu, bakinsa yana motsi.

"A tsakiyar gida za a ajiye ta," in ji shi. "Kuma ba mai taɓa ta sai ni."

Anti ta ce, "Har fenti zan saya maka."

Zoben yana nan har yau, a liƙe, da hasken ƙwayayensa. Sababbin 'yan wasa da ba su san Tsohon Darakta ba, su ma ta Kifi suke shiga. Falaki ya bar hawa tsani, ido ya yi rauni, kafinta ne ke canja masa ƙwai yana ƙasa yana nuna wanda ya mutu. Amma ba a yin wasa ba shi. Kujerarsa shuɗiya tana tsakiyar hanyar da ta raba layuka, kuma duk ɗaya ga wata yakan zo da safe ya karkata ta kaɗan. In baƙo ya matso zai gyara masa, mai sayar da tikiti takan yi sauri ta ce, "Kada ka taɓa, duniya ce."

A wannan watan ya ba dandamali baya sosai, ƙofar fita yake kallo. Da kunne yake bin wasa, yana dariya inda ake dariya, yana tafi bayan kowa ya fara. Shekaranjiya wata mata da ta zo karon farko ta ji tausayinsa, ta sunkuya ta ce, "Baba, ai ba ka ganin komai a haka."

Ya ce, "Zan gani, 'yata. Ina kan hanya."